Kurakuran da iyaye ke yi idan sunan jariri ya haɗo gida biyu

Gobe suna. Rago na ɗaure, goro ya iso, amma mai jego da maigidanta ba su tsai da magana ba. Shi Bakano ne, ita 'yar Ilori ce, tana so a haɗa wa yarinyar da Ayomide, shi kuwa ba abin da ke yawo a ransa sai "me dangi za su ce?" Daga wannan tambayar yawancin kurakuran ke tsirowa.

Babban cikinsu shi ne ɗaukar duk sunan da ba na Larabci ba a matsayin wanda addini ya hana. Abin da malamai ke dubawa ma'ana ce. Annabi (SAW) ya canza sunan Barra zuwa Zainab saboda ma'anarsa ta yabon kai, amma Mariyatul Ƙibɗiyya ta zauna da sunanta. Ibrahim da Isma'ila da Ishaƙa ma asalinsu ba Larabci ba ne. Mu kanmu mun daɗe da aro: Bello da Sambo da Dikko daga Fulatanci suka shigo, kuma ban taɓa jin wanda ya ce Sarkin Musulmi Muhammadu Bello baƙon suna gare shi ba. Tanko da Gambo da Ladi kuwa namu ne na gida. Gyaran a nan mai sauƙi ne: ka tambayi dattijon da ya ji harshen sosai, sannan ka kai wa malami fassarar. Ayomide na nufin farin cikina ya iso. Oluwaseun godiya ce ga Ubangiji, Chinedu kuwa a harshen Ibo cewa yake Allah ne jagora. Akwai dai sunayen da ke ɗauke da abin bautar gargajiya, irin waɗanda suka fara da Ogun ko Sango, don haka tambayar ba ta zama ɓata lokaci ba.

Sai ɓoyewa. Wasu sukan yi shiru har sai liman ya raɗa suna, kaka ta ji shi daga bakin maroƙi. Sau da yawa ba sunan ne ke ɓata mata rai ba, rashin shawarar ne. Ka same ta tun kafin ranar, ka ce, "Hajiya, ga abin da muke tunani, ga ma'anarsa." Idan harshenta bai iya juya shi ba, bar ta ta sa nata laƙabin. Ai ko sunan mijinta aka mayar, Abba ko Halifa za ta riƙa kira saboda alkunya.

Akwai masu son faranta wa kowa, su jera wa yaro suna huɗu ko biyar. A gidan Yarabawa wannan al'ada ce, kakanni kowa na ba da nasa, ba laifi a kira shi da su a tsakar gida. Takarda ce ba ta ɗaukar wannan. A takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya an rubuta Aisha, a makaranta dangin uwa sun sa Aishat, a katin ɗan ƙasa an sauya jerin sunayen. Tun 2021 hukumar JAMB ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da lambar NIN ta katin ɗan ƙasa, kuma harafi ɗaya ya isa ya jawo zaryar kotu don rantsuwa da biyan kuɗin sanarwa a jarida. Ku zaɓi biyu, ku tsai da rubutunsu da jerinsu tun ranar suna, ku ajiye hoton takardar a waya.

Tsoron tsokana a makaranta gaskiya ne, sai dai yara ba sa rasa abin tsokana, ko Musa ne sai sun samo masa wani abu. Yaron da aka gaya wa ma'anar sunansa da wanda ya zaɓa masa yakan iya ba da amsa da kansa. Wanda ya ga uwarsa na rage murya duk lokacin da za ta kira shi a gaban dangin uba, shi ne ke fara cewa a daina kiransa da shi tun yana aji uku.