Yadda ake gyara hoton amarya ba tare da an canza mata kalar fata ba

Abin da ya fi damuna a hotunan biki yanzu shi ne amarya baƙa kyakkyawa ko wankan tarwaɗa, amma hoto ya fito ta koma fara sol, fuska sumul kamar roba, wuya da hannu kowanne da kalarsa. Wallahi wannan ɓata aiki ne. Ga yadda nake bi a Lightroom, manhajar gyaran hoto, mai waya ma zai iya yin mafi yawansa.

Tun wajen ɗauka ka sa kyamara a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, maimakon JPEG da aka saba. JPEG matakin haske 256 kawai yake riƙewa a kowace kala, RAW mai bit 14 kuwa ya haura 16,000, shi ya sa in ka ja inuwa sama a JPEG sai fuska ta fashe ta yi dabbare-dabbare. Wayoyi da dama suna ɗaukar DNG, shi ma RAW ne.

Da ka buɗe hoton kar ka taɓa fata tukuna, fara daidaita farin hoton. A ma'aunin kalar haske na Kelvin (K), hasken rana wajen 5500K yake, ƙwan lantarki mai ja-ja kuma wajen 3200K, a holin dina kuwa ga shuɗi ga algashi duk a fuskar mutane. Ɗauki ɗan tsinken zaɓen kala ka danna kan abu fari ko ruwan toka. Amma a kula da farar shaddar ango, da yawa an sa mata bula wajen wanki, in ka danna kanta hoton gaba ɗaya sai ya koma ruwan ɗorawa. Gara bango ko farin faranti.

Sai haske, nan ne aikin yake. Ango cikin farar babbar riga, amarya kusa da shi da duhun fata, kyamara ba ta iya gamsar da su biyun lokaci ɗaya. Mutane sai su ja eksfosha, wato hasken hoton gaba ɗaya, sama don fuska ta fito, rigar ta ƙone, aikin zaren da aka biya kuɗi mai yawa ya ɓace. Ni hailait, wato wuraren da suka fi haske, nake ragewa har sai na ga ɗinkin wuyan rigar ya dawo, sannan in ɗaga shado, wato inuwa, kaɗan, in fuskar tana buƙatar ƙari sai in zagaye ta ita kaɗai da burushi in ƙara mata, kuma dole in haɗa da wuya da hannuwa don kar su rabu. A manhajar Snapseed, wadda kyauta ce, madannin Selective yana yin wannan.

Yanzu fata. A sashen HSL, inda ake gyara kowace kala daban, kalar fatar mutum kusan duk tana cikin ruwan lemo, fari ne ko baƙi. Madannin hasken lemon nan shi ake ja har ƙarshe a mayar da mutum fari, ni ba na wuce 10, sau da yawa ma ba na taɓa shi. Ka tuna jan lalle da gwal ɗin wuya su ma suna kusa da wannan kalar, duk abin da ka yi wa lemo zai shafe su, don haka ka riƙa duba hannun amarya.

Ƙurji da maiƙon goshi a cire, don gobe ma babu su. Tawadar Allah, zanen gado, wushirya, dan Allah a bar mata kayanta. In za ka lallausa fata ka rage tekisca, wato madannin kaushin fata, kaɗan a kumatu da goshi kawai, ka zuƙo hoton zuwa kashi 100 ka duba, in ba ka ganin ƙananan ramukan fata toh ka wuce gona da iri, koma baya.

Hoton waje lokacin hunturu, ɗan jan madannin dihez yana yanke hazo, amma yana ƙara wa fata duhu da ƙarfin kala, a yi a hankali.

Wajen fitarwa ka zaɓi tsarin kala na sRGB. Na Instagram faɗin fiksel 1080 da tsawon 1350 ya isa. In ta WhatsApp za ka tura wa masu biki ka tura a matsayin dokiment don kar ya matse hoton. Wanda za a wanke a sa a firem kuma ka rage hasken sikirin ɗinka kafin ka gyara, saboda takarda ba ta haske kamar waya, ka fara wanke ƙarami guda ɗaya ka gani kafin ka biya kuɗin babba.