Yadda za ka haɗa jiragenka zuwa Zanzibar ba ka kwana a benci ba

Tun da na dawo mutane ke ta tambayata yadda ake zuwa Zanzibar, tsibirin nan na ƙasar Tanzaniya, musamman angwaye masu son kai amarya shan iska, to bari na faɗa sau ɗaya kowa ya huta. Daga Kano ko Abuja sai ka canza jirgi a hanya, yawanci Addis Ababa da Ethiopian, ko ka zagaya ta Doha da Qatar in aljihunka da nauyi, daga Legas kuma akwai hanyar Nairobi da Kenya Airways.

Abu na farko, ka yanki tikiti ɗaya tun daga gida har tsibirin. Kar arha ta ruɗe ka ka sayi rabi nan rabi can, don in jirgin farko ya makara na biyu ba ruwansa da kai, kuɗinka ya bi ruwa, kuma kayanka sai ka fita ka ɗauko ka sake aunawa. Ni na yi wannan wayon, na yanki zuwa Darussalam da niyyar na hau ƙaramin jirgi na tsallaka tunda tafiyar minti 20 ce kacal, ashe ƙananan jiragen nan kilo 15 suke yarda da shi kuma sun fi son jaka mai laushi, ni kuwa ga ni da ƙaton akwati har da kilishi da yajin da Hajiya ta cusa min, ina tsaye ina zufa ana auna kaya ana lissafa min kuɗin ƙari. In ka tsinci kanka a Dar da kaya da yawa gara jirgin ruwa, kamar awa biyu ne zuwa Stone Town, tsohon garin Zanzibar, amma fa na ƙarshe tun da la'asar yake tashi, in ka sauka da dare sai dai ka nemi masauki.

Tsakanin jirgi da jirgi ka bar aƙalla awa biyu zuwa uku. Filin jirgin Bole na Addis da dare kamar kasuwar Kwari ake cika, layin bincike kaɗai ya ishe ka. Kuma ka tuna agogon Addis da Zanzibar yana gaban namu da awa biyu, lokacin da ke kan tikiti na garin ne ba na wayarka da ba ta canza ba.

Takardu kuwa tun a gida za ka gama su. Fasfon Najeriya da na Nijar ba a buga masa bizar Tanzaniya a filin jirgi, ta intanet ake nema a jira amincewa, kuma tana ɗaukar lokaci, don haka kar ka biya otel kafin ta fito. Katin rigakafin shawara dole ne. Sannan tun Oktoban 2024 hukumomin Zanzibar sun sa inshorar dole ta dala 44 ga duk baƙo, ka biya ta intanet ka buga takardar a riƙe a hannu.

Filin jirgin Zanzibar, Abeid Amani Karume, ba wani babba ba ne, jiragen waje a Terminal 3 suke sauka. Matsalar ita ce cunkoson zuwa yake a guguwa, daga Yuni zuwa Oktoba da kuma Disamba zuwa Fabrairu jiragen Turawa biyu uku sai su sauka kusan tare, layin shige da fice ya miƙe. Afrilu da Mayu ruwa ake tafkawa, mutane kaɗan, farashi ƙasa.

Ranar dawowa ce ake shan mamaki. Stone Town na nan kusa da fili, amma in a Nungwi can arewacin tsibirin ka sauka kusan kilomita 60 ne, ka ware awa ɗaya da rabi. Kuma ka yi hattara da agogon Swahili, su daga fitowar rana suke fara ƙirga, ƙarfe 7 na safe shi ne saa moja, wato ƙarfe ɗaya a wurinsu. Direbana ya ce zai zo saa nne, nne kuwa huɗu ne a Swahili, na ji huɗu na sa a raina huɗun asuba, na tashi cikin duhu na zauna a ƙofar otel da akwati, sauro na ta cizona, bawan Allah bai iso ba sai ƙarfe 10 yana murmushi wai ai ya zo a kan lokaci. Allah ya taimake ni jirgin na yamma ne.