Kafin ka ɗaga a-kori-kurarka: kurakuran da aka fi yi wajen sauya wa motar shiga daji kaya

Duk wanda ya sayi a-kori-kura mai ja da ƙafa huɗu, ko Toyota Hilux ce, ko Ford Ranger, ko Isuzu D-Max, ko Mitsubishi L200, ba ya daɗewa sai ya fara jin shawarwari ta ko'ina. Wannan ya ce a ɗaga ta, wancan ya ce tayoyin sun yi ƙanana, wani kuma ya ce sai an sa mata bambar ƙarfe za ta amsa sunanta. Ni ba na cikin masu cewa kada a taɓa mota sam. Akwai hanyoyin da sai an yi wa mota ƙari take iya binsu. Abin da ke damuna shi ne yawan motocin da ake kashe wa dukiya, a wayi gari sun fi da wahalar tuƙi, sun fi shan mai, sun fi zuwa wajen bakanike, kuma ba su kai mai su ko'ina da ba za su kai shi da can ba.

Sayen kaya tun ba a san motar ba

Wannan shi ne uwar kurakuran, sauran duk 'ya'yansa ne. Mutum ya karɓi mota yau, jibi yana wajen masu sayar da kaya, alhali bai taɓa sa ta a giyar 4L, wato giyar ƙarfi da ke jan ƙafa huɗu a hankali, ya ji yadda take rarrafe a kan tudu ba, bai san inda maɓallin kulle aksul na baya yake ba, bai taɓa rage wa taya iska a cikin yashi ba. Hilux tun 1968 ake ƙera ta, kuma mafi yawan aikin da ya sa ta yi suna, a gonaki da ma'adanai da hamada, ta yi shi ne yadda ta fito daga kamfani.

Gyaran wannan kuskure ba ya cin ko sisi. Ka tuƙa ta yadda take na wasu watanni, rani da damina in zai yiwu, a kan ainihin hanyoyin da ka saye ta dominsu. Duk inda ta gaza ka rubuta: a ina cikinta ya taɓa ƙasa, a ina tayoyi suka yi ta juyawa ba ta motsa ba, da wane lodi bayanta ya zauna. Wannan takardar ita za ta faɗa maka abin da za ka saya. Sau da yawa za ka tarar abu ɗaya ne ko biyu, wani lokacin ma ka gane ba motar ce ta gaza ba, hannun direba ne bai faɗa ba tukuna.

Ɗaga mota da zaton cikinta zai yi nisa da ƙasa

A nan zan ɗan daɗe, don nan ne aka fi yin asara. Mutane da yawa sun ɗauka in an ɗaga mota da inci uku, komai nata ya tashi da inci uku. Ba haka ba ne. A irin waɗannan motoci aksul na baya sanda ɗaya ce miƙaƙƙiya, da tulu a tsakiyarta, kuma wannan tulun yana cikin abubuwan da suka fi kusa da ƙasa. Dogon sifirin yana ɗaga bodi da firam ne daga kan aksul, shi kuwa aksul yana nan inda tayoyi suka riƙe shi. Dutsen da yake bugun tulun jiya zai buge shi gobe. Girman taya kaɗai ke ɗaga shi.

Ɗagawar tana da amfaninta: hancin mota da wutsiyarta da tsakiyar cikinta suna samun sarari, ana kuma samun wurin da babbar taya za ta zauna. Sai dai kowane inci bashi ne, wani ɓangare na motar ne zai biya. A gaba, yawancin a-kori-kura na zamani kowace ƙafa zaman kanta take, sandunan da ke kai ƙarfi ga tayoyin gaba kuma an yi su ne su yi aiki kusan a miƙe. In aka ɗaga da yawa sai su karkace, robar da ke rufe gaɓoɓinsu ta riƙa tsagewa, giris ya zube, ƙasa ta shiga. Hannun sama na ƙafar gaba ya kusa ƙure tafiyarsa. Sitiyari ya daina komawa tsakiya da kansa bayan kwana, motar ta riƙa yawo a kan kwalta. Ga nauyi ya koma sama, a-kori-kura kuwa dama doguwa ce, ta fi ƙaramar mota saurin kifewa in aka karya sitiyari da gaggawa.

Shi ya sa masu wannan sana'a da yawa suke tsayawa a wajen inci biyu, wato milimita 50. In za a wuce nan, aikin ya tashi daga sauya sifirin da shokazoba, ya koma sauya hannayen ƙafa, duba farfela, duba tsawon tiyon birki. Wanda ba zai iya yin aikin duka ba, gara ya tsaya a kaɗan. Kuma ko kaɗan ɗin ne, dole a sake yin alaimen, a sake saita fitilun gaba don kada su riƙa kashe wa masu tahowa ido. In tsohuwar mota ce mai bawul a baya da ke daidaita ƙarfin birki gwargwadon lodi, shi ma sai an sake saita shi, don ɗagawar tana sa ya ɗauka motar ba kaya, ya rage wa birkin baya ƙarfi. Da wuya ka ji an ambaci wannan bawul ɗin, ga shi kuwa rai ne a kansa.

Babbar taya ba tare da lissafi ba

Mu ɗauki misali da lamba. Taya mai lamba 265/65R17, wadda Hilux da yawa ke fitowa da ita, tsayinta kusan milimita 776 ne. Mai lamba 285/70R17, wadda ake yawan sha'awa, kusan 831 ce. Bambancin milimita 55 ne, amma rabinsa kaɗai kake samu a ƙarƙashin aksul, wato kimanin milimita 27, kaurin yatsu biyu bai cika ba.

Me aka bayar aka karɓi wannan? Tayar ta fi ta asali girma da kashi 7 cikin 100, saboda haka maleji zai riƙa nuna ƙasa da gudun da ake yi da kusan wannan kason, lissafin kilomitocin da kake canjin baƙin mai da shi ma ya goce. Injin zai ji kamar kullum a giyar gaba yake: tashi ya yi nauyi, kuloci ya sha wuya, giya mai canja kanta ta riƙa kai da komo a kan tudu. Birki yana fama da taya mai nauyi da tsawo. In aka murɗa sitiyari ƙarshe, ko ƙafa ta nutse a rami, sai ka ji tana gugar bodi. Safaya kuma wani lokaci ta ƙi shiga mazauninta a ƙarƙashin mota, mutum ya ci gaba da yawo da ƙaramar safaya da ba ta dace da sauran huɗun ba.

Shawarata ita ce a fara da sauya irin tayar, a bar girmanta. Taya mai lamba ɗaya da ta asali, amma irin wadda aka rubuta wa AT, wato ta kwalta da daji duka, mai ƙaƙƙarfan gefe, ita ce sauyin da ya fi kowane biyan kuɗin sabulu. Masu manyan haƙora da ake rubuta wa MT na taɓo ne. A kan kwalta suna da ƙara, suna saurin cinyewa, kuma ba sa riƙe jiƙaƙƙiyar hanya kamar sauran. Wanda kwana shida cikin bakwai a kan kwalta yake, bai kamata ya saye su don kwana ɗaya ba.

Sannan akwai iska. Rage iskar taya zuwa wajen 18 ko 20 a ma'aunin PSI a cikin yashi yana shimfiɗa tafin tayar, motar da ke nutsewa ta taso ta wuce. Gejin iska da ƙaramin famfo mai aiki da batir sun fi ɗagawar inci uku amfani a rairayi. Amma a tuna a mayar da iskar kafin a hau kwalta, don taya mai ƙarancin iska in ta yi gudu zafi take yi har ta fashe, kuma kada a yi kwana mai kaifi da ita, tana iya zamewa daga wili.

Mantawa da nauyi

A jikin kowace mota, galibi a ginshiƙin ƙofa ko a cikin gidan injin, akwai ɗan faranti ko takarda da ke faɗin iyakar nauyin da aka yarda ta kai da komai da komai. A-kori-kura mai ƙofa huɗu irin waɗannan, abin da take iya ɗauka bai cika wuce tan ɗaya ba, kuma direba da fasinjoji suna cikin lissafin. A ce bambar ƙarfe ta ci kilo 70, winci, wato injin igiyar da ke janyo mota in ta kafe, 35, ragar saman rufi da tanti 90, batir na biyu da akwatin kayan aiki 60. Kilo 255 ke nan sun tafi. Manya huɗu su shiga, wajen 300 kuma. Fiye da rabin ƙarfin motar ya ƙare tun ba a ɗora buhu ɗaya a baya ba.

Kuskuren da ke biyo baya shi ne a sa sifirin mai tauri, a ga motar ta miƙe, a ɗauka an ƙara mata ƙarfin ɗauka. Birki bai ƙaru ba, boris bai ƙaru ba, firam bai ƙaru ba. An sha ganin firam ɗin a-kori-kura ya lanƙwashe a tsakanin gidan direba da bodin baya saboda an tara nauyi can bayan aksul ana gudu a kan gargada. Ka kai motarka sikeli da cikakken lodin tafiya, a auna gaba daban, baya daban. Kaya masu nauyi su zauna ƙasa, kusa da bayan gidan direba, saman rufi kuma a bar wa marasa nauyi. In kuma za a sayi sifirin, a saye shi daidai da nauyin da motar ke ɗauka kullum, don mai tauri a motar da ba lodi tsalle kawai zai riƙa sa ta.

Bambar ƙarfen ma a tabbatar an ƙera ta don wannan samfurin motar, yadda ba za ta hana jakar iska tashi a kan kari ba, ba za ta toshe wa lagireto iska ba, ba za ta rufe na'urorin da ke hango abin da ke gaba ba. Wadda mai walda ya auna da ido ya haɗa, komai kyanta, ba wanda ya gwada abin da za ta yi ranar karo.

Bututun iska ba ya mai da mota kwalekwale

Dogon bututun nan da ake bi da shi ta gefen gilashi yana ɗaga bakin da injin ke shaƙar iska ne kawai, kuma yana da amfani a hanya mai ƙura. Kamfanin Toyota ya ba Hilux ta zamani zurfin ruwa milimita 700, Ford ya ba Ranger 800, bututu kuma bai soke wannan iyaka ba. Aksul da giyabos suna da ƙananan hancinan numfashi, in suna da zafi suka shiga ruwan sanyi suna iya zuƙo ruwa ya gauraya da mai. Ga wayoyi da kwamfutar mota. Mai yawan ƙetare rafi ya ja waɗannan hancinan da tiyo zuwa sama, ya duba man aksul bayan kowace ƙetarawa mai zurfi: in ya koma fari-fari, a zubar a sake. Ruwa mai gudu kuwa, wanda mutum ba zai iya takawa da ƙafa ya tsaya daram ba, kada a sa mota a ciki ko da me aka ɗaura mata.

Ana sayen na ado, ana barin na ceto

Za ka ga mota da fitilu jere a rufi, amma ba shebur, ba igiyar ja ta ƙwarai, ba ƙugiyar da aka ɗaure a firam don janyo ta in ta kafe. Nan ina roƙo da babbar murya: kada a taɓa rataya igiyar fizga a kan ƙwallon jan tirela. Ba a yi shi don fizga ba, yana iya karyewa ya taho kamar harsashi, kuma ya kashe mutane a ƙasashe daban-daban. Ƙananan zobban da ake ɗaure mota da su a kan babbar mota ma ba na wannan aikin ba ne. Mai sayen winci ya nemi wanda ƙarfinsa ya kai ninki ɗaya da rabi na cikakken nauyin motar, ya koyi aiki da shi a fili tun kafin ranar buƙata. Faranti mai kare ƙarƙashin injin da tankin mai shi ma yana gaba da fitilu a layi.

Fitilun in za a sa, kowace waya ta bi ta fis kusa da batir, kada a feɗe wayoyin asali a yi musu ɗori. Gobarar mota da yawa daga nan take tashi. Ƙara wa injin ƙarfi ta hanyar taɓa kwamfutarsa kuwa, ni dai ban ga hanyar dajin da ke buƙatarsa ba. A daji a hankali ake tafiya, giyar 4L ta riga ta ninka ƙarfin da ke isa taya, abin da ƙarin zai jawo shi ne zafi da cin kuloci.

Takardu, da kayan da aka cire

In motar tana cikin garanti, ka tambayi dillali a rubuce abin da sauyin zai shafa, don in gaɓar ƙafa ta lalace bayan an ɗaga mota, da wuya kamfani ya ɗauki nauyi. Kamfanin inshora ma a sanar da shi. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa: a Jamus sauye-sauye irin waɗannan sai suna da takardar amincewa ko masu duba motoci sun gwada sun shigar a takardun mota, a Ostareliya kuma jihohi suna da iyakar ɗagawar da in an wuce ta sai injiniya ya sa hannu. Ka binciki ta inda kake kafin a kwance noti ɗaya.

Ka riƙa sauya abu ɗaya a lokaci guda, ka tuƙa na ɗan lokaci, don in wata ƙara ko jijjiga ta ɓullo ka san daga ina ta zo. Ka guji duk aikin da sai an yanke firam ko an yi masa walda. Sifirin da shokazoba da bamba da wilin asali da aka cire, a goge su a adana a inda ruwa ba ya taɓawa, tare da rasiɗan duk abin da aka saka. Masu sayen motar hannu da yawa suna gudun wadda aka ɗaga, suna zaton ta sha wuya a daji, kuma ba kasafai suke biyan kuɗin kayan da aka ƙara ba. Ranar da za ka sayar, kana iya mayar da ita yadda ta fito, ka sayar da kayan ƙarin daban.