Yadda Ƙaramin Kamfani Zai Tsare Kwamfutocinsa da Bayanansa

Da yawa daga cikin masu ƙanana da matsakaitan kamfanoni suna ɗaukar tsaron kwamfuta a matsayin abin da ake saya: a biya kuɗin manhajar kariya, a ɗora ta a kan na'urori, sannan a huta. Amma idan aka duba yadda ɓarna ke shigowa, sai a tarar akasari ta kalmar sirri ce da ta faɗa hannun da bai kamata ba, ko manhajar da aka daɗe ba a sabunta ba, ko ma'aikacin da aka yaudara da saƙon imel, kuma duk waɗannan matsaloli ne na tsari da kulawa. Haka kuma ƙanƙantar kamfani ba ta ɓoye shi, domin masu kutse suna sakin manhajoji ne da ke zagaye intanet dare da rana suna gwada kowace na'urar da suka samu a buɗe, ba tare da sun san ta wane ne ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma aikin mai kamfani shi ne ya san inda tsagin yake.

Matakin farko shi ne a rubuta abin da aka mallaka. A buɗe takarda guda a lissafa kowace kwamfuta da waya da na'urar buga takardu da na'urar rarraba intanet, a rubuta wanda ke riƙe da ita da irin babbar manhajar da ke tafiyar da ita, kamar Windows. Daga nan a lissafa asusun da kamfani ke da su: na imel, na banki, na lissafin kuɗi, na shafukan sada zumunta, na ma'ajiyar intanet, da na rajistar sunan shafin kamfanin. A gaban kowanne a rubuta sunan wanda yake da cikakken iko a kansa. A nan ne mutane da yawa ke gano cewa sunan shafinsu yana rajista ne da imel ɗin wanda ya gina musu shi shekaru da suka wuce, wanda wataƙila ma hulɗa ta yanke tsakaninsu. Duk asusun da kasuwanci ya dogara da shi ya kamata ya koma ƙarƙashin adireshin imel na kamfani, kuma aƙalla mutum biyu amintattu su san yadda ake shiga.

Asusu da kalmomin sirri

A watan Mayun 2021 kamfanin Colonial Pipeline, wanda ke jigilar man fetur ta bututu zuwa gabashin Amurka, ya dakatar da aikinsa na kwanaki bayan an kulle masa bayanai, har ya biya fansar kimanin dala miliyan 4.4. Hanyar da aka bi aka shiga ita ce wani tsohon asusun shiga daga nesa da ba a ƙara amfani da shi amma ba a rufe ba, wanda kalmar sirri kaɗai ke tsaronsa. Darussa biyu ne a ciki, kuma dukansu ba sa buƙatar kuɗi mai yawa.

Na farko shi ne tabbatarwa mai matakai biyu, wato bayan kalmar sirri a buƙaci wata shaida ta biyu da ke hannun mai asusun. A fara kunna ta a kan imel, domin ta imel ake sake saita kalmomin sirrin sauran asusun, wanda ya kama imel ɗin kamfani kuwa ya kama kusan komai. Daga nan sai banki da ma'ajiyar intanet da duk wata hanyar shiga daga nesa. Manhajoji irin su Google Authenticator da Microsoft Authenticator suna samar da lamba mai alƙaluma 6 da ke canzawa duk bayan daƙiƙa 30, kuma sun fi saƙon tes aminci, saboda ɓarawo yana iya yaudarar kamfanin sadarwa ya mayar da layin mutum kan wani katin waya ya riƙa karɓar saƙonninsa. Duk da haka saƙon tes ya fi babu nesa ba kusa ba. Ga shugaban kamfani da mai kula da kuɗi, ƙaramin makullin tsaro da ake soka wa kwamfuta, irin YubiKey, ya cancanci kuɗinsa, tunda shafin bogi ba ya iya yaudararsa. Lambobin gaggawa da ake bayarwa lokacin kunna wannan tsari a buga su a takarda a adana a wuri mai kulle, domin ranar da waya ta ɓata su ne mafita.

Darasi na biyu shi ne rufe asusun wanda ya bar aiki a ranar da ya bari, ko da an rabu lafiya. Wannan ba zai yiwu ba idan ma'aikata biyar suna shiga da asusu ɗaya, saboda haka kowa ya samu nasa, kuma a ba shi iya abin da aikinsa ke buƙata. Mai karɓar baƙi ba shi da dalilin ganin fayil ɗin albashi. Haka nan bai kamata kowa, har da mai kamfani, ya riƙa aikin yau da kullum da asusun da ke da ikon ɗora manhaja ba, domin muguwar manhaja tana samun daidai ikon asusun da ya buɗe ta.

Game da kalmar sirri kanta, tsawo ya fi sarƙaƙiya amfani. Jerin kalmomi huɗu ko biyar marasa alaƙa da juna ya fi gajeriyar kalma mai cike da alamomi wuyar fasawa, kuma ya fi sauƙin tunawa. Tun a 2017 hukumar NIST ta Amurka, mai tsara ƙa'idojin fasaha, ta daina ba da shawarar tilasta wa mutane canza kalmar sirri lokaci-lokaci ba tare da dalili ba, saboda abin da hakan ke haifarwa shi ne mutum ya ƙara lamba ɗaya a ƙarshen tsohuwar. A canza ta idan akwai alamar ta fita. Babban haɗarin shi ne maimaita kalma ɗaya a wurare da yawa, domin idan aka sace ta daga wani shafi sai a gwada ta a sauran. Maganin wannan shi ne manhajar adana kalmomin sirri, kamar Bitwarden ko 1Password ko KeePass, wadda ke ƙirƙirar kalma daban ga kowane asusu ta kuma riƙe ta.

Sabuntawa

A watan Mayun 2017 manhajar neman fansa mai suna WannaCry, wadda ke kulle bayanai ta nemi a biya kafin a buɗe, ta bazu a ƙasashe sama da 150, ta tsayar da ayyuka a asibitocin Ingila da dama. Kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da gyaran ramin da ta bi tun watan Maris na shekarar, wato waɗanda ta kama sun samu kusan wata biyu ba su ɗora shi ba. A kunna sabuntawa ta kai-tsaye a kan kwamfutoci da wayoyi da manhajar shiga intanet, kuma a tabbatar ana kashe kwamfuta a sake kunna ta, tunda gyare-gyare da yawa ba sa kamawa sai an yi hakan. Microsoft yana fitar da nasa ne a Talata ta biyu ta kowane wata, don haka makon da ke biye lokaci ne mai kyau na duba ko kowace na'ura ta karɓa. Tallafin Windows 10 na yau da kullum ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma duk kwamfutar da ba za ta iya hawa Windows 11 ba ya kamata a tsara maye gurbinta a cikin kasafi.

Na'urar rarraba intanet ita ce aka fi mantawa da ita. A canza kalmar sirrin da ta zo da ita daga masana'anta, a sabunta manhajarta, a kuma ware wa baƙi Wi-Fi daban da wanda kwamfutocin aiki ke kai. Manhajar kariya da ke zuwa cikin Windows, wato Microsoft Defender, ta wadatar ga ƙananan ofisoshi da yawa muddin ba a kashe ta ba. Kwamfutar tafi-da-gidanka kuwa a kulle faifanta da manhajar BitLocker ta Windows ko FileVault ta Mac, yadda idan aka sace ta asarar za ta tsaya kan na'urar. Kwafin manhaja na sata da ake saukewa kyauta ba shi da wuri a ofis, domin sau da yawa yana zuwa da abin da ba a nema ba a cikinsa.

Kwafin ajiya

Idan da abu ɗaya kawai kamfani zai yi da kyau, to wannan ne, domin shi ke raba mummunan mako da rushewar kasuwanci. Ƙa'idar da aka saba ita ce 3-2-1: kwafi uku na bayanai, a kan nau'in ma'ajiya biyu daban, ɗaya daga ciki a wajen ginin kamfani. Sai dai akwai kuskuren da ake yawan yi, na ɗaukar manhajojin da ke daidaita fayiloli da intanet, irin su Google Drive da OneDrive da Dropbox, a matsayin cikakken kwafin ajiya. Aikinsu shi ne su mayar da abin da ke can daidai da abin da ke nan, saboda haka fayil ɗin da aka goge ko aka kulle a kwamfuta haka zai koma a can, kuma tsofaffin nau'o'in da suke riƙewa na ɗan lokaci ne. Faifan waje da ke maƙale da kwamfuta kullum shi ma ba mafaka ba ne, tunda manhajar fansa tana kulle duk abin da ta iya kaiwa gare shi. Dole a samu kwafi ɗaya da ba ya haɗe da komai, ko wanda aka saita yadda ba za a iya gogewa ko canza shi ba har wani wa'adi.

Abin da ya faru da kamfanin jiragen ruwa na Maersk a watan Yunin 2017 ya nuna muhimmancin haka. Harin muguwar manhajar NotPetya ya lalata masa dubban kwamfutoci, ya jawo asarar da ta kai kusan dala miliyan 300, kuma an ruwaito cewa kwafi ɗaya tilo na wani muhimmin tsarin da ya tsira an same shi ne a ofishinsu na Ghana, inda ɗaukewar wuta ta raba na'urar da intanet a lokacin harin. Sa'a ce ta yi musu abin da tsari ya kamata ya yi.

Kafin a zaɓi yawan lokutan ɗaukar kwafi, mai kamfani ya amsa tambayoyi biyu da kansa, domin ba na masanin kwamfuta ba ne: aikin awa nawa za a iya jure rasawa, kuma kwana nawa kasuwanci zai iya tsayawa kafin abokan ciniki su juya baya? Amsar ita ce za ta nuna ko kwafin kullum ya isa ko sai na kowace awa. Sannan duk bayan wata uku a gwada dawo da wasu fayiloli a kan wata kwamfuta a buɗe su. Kwafin da ba a taɓa gwadawa ba yana iya kasancewa ya daina aiki watanni da suka wuce ba wanda ya lura.

Zambar biyan kuɗi

Wannan nau'in ba ya buƙatar fasa komai. Tsakanin 2013 da 2015 wani mutum daga Lituweniya ya riƙa aika wa Google da Facebook takardun neman biya na bogi da sunan wani kamfanin Taiwan da suke hulɗa da shi, har ya karɓi sama da dala miliyan 100. A ƙaramin kamfani salon ɗaya ne: saƙo ya zo kamar daga mai kawo kaya yana cewa lambar asusun bankinsu ta canza, ko kamar daga shugaba yana neman a tura kuɗi cikin gaggawa kuma a asirce. Wani lokaci saƙon daga ainihin adireshin mutumin yake fitowa, saboda an riga an shiga imel ɗinsa, don haka duba adireshi kaɗai bai isa ba. Dokar da ke aiki ita ce kada a amince da canjin lambar asusu sai an kira mutumin ta lambar wayar da aka sani tun da, ba wadda ke cikin saƙon ba, kuma duk biyan da ya haura wani adadi sai mutum biyu sun sa hannu. Shugaba ya fito fili ya gaya wa ma'aikata cewa dokar ta shafe shi, domin ƙaramin ma'aikaci ba zai iya tsayar da umarnin da ke ɗauke da sunan maigidansa ba sai an ba shi wannan izini tun farko. Wanda kuma ya danna abin da bai kamata ba ya zo ya faɗa da wuri, godiya ta kamace shi. Idan aka tsawata masa, na gaba zai yi shiru.

Kamfanin da ba shi da ma'aikacin kwamfuta na kansa yakan ɗauki na waje, kuma hakan daidai ne, amma a sani cewa an miƙa masa makullan komai. A watan Yulin 2021 an bi ta manhajar Kaseya, wadda irin waɗannan masu hidima ke amfani da ita, aka kai ga kamfanoni kusan 1,500, har shagunan Coop kimanin 800 a Suwidin suka rufe. A cikin yarjejeniya a rubuta wanda ke da alhakin sabuntawa da kwafin ajiya, da tsawon lokacin da zai ɗauka kafin ya amsa kira, da sharaɗin cewa kalmomin sirri na babban iko mallakar kamfani ne kuma za a miƙa su idan an rabu.

Ranar da abu ya faru ba ranar neman lambar waya ba ce, saboda haka a tanadi shafi ɗaya a takarda, tunda kwamfutar ba lallai ta buɗe ba, mai ɗauke da lambobin masanin kwamfuta da banki da lauya da wanda zai yanke hukunci. Kwamfutar da ake zargi a cire ta daga intanet nan take amma kada a kashe ta ko a goge ta, domin masu bincike suna buƙatar abin da ke cikinta. A canza kalmomin sirri daga wata na'ura mai tsabta, a fara da imel, a kuma duba ko an saita shi yana tura kwafin saƙonni zuwa wani adireshi a ɓoye. Idan kuɗi ne suka fita, a kira banki cikin sa'ar farko, domin damar tsayar da su tana raguwa da sauri. Biyan fansa ba ya tabbatar da dawowar bayanai, kuma ba ya hana a sayar da waɗanda aka kwashe. Idan bayanan abokan ciniki ne suka fita, dokokin ƙasashe da yawa sun wajabta sanar da hukuma cikin ƙayyadadden lokaci, kamar dokar GDPR ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018 wadda ta ba da awa 72, don haka a binciki wa'adin da ya shafi kamfani tun yanzu a rubuta shi a kan wannan shafin.