Yadda Ake Gane Sistem Boila da Sarrafa Ta a Gidajen Birtaniya

Duk wanda ya kama haya ko ya sayi gida a Birtaniya, ɗalibi ne ko ma'aikacin lafiya ko mai iyali, zai tarar da wani farin akwatin ƙarfe manne da bangon kicin ko a cikin kabad, wanda shi ne ke ɗumama ɗakuna a lokacin hunturu, shi ne kuma ke samar da ruwan zafi na wanka da wanke-wanke. Boila ake ce masa, kuma mafi yawan gidaje da iskar gas tasu ke aiki. Iri uku ne suka fi yawa. Akwai kombi, wadda ke dafa ruwa nan take idan an buɗe famfo, ba ta da wurin ajiya. Akwai tsohon salo, wanda ke da tankokin ruwan sanyi a cikin rufin gida. Ta uku ita ce sistem boila, wadda a kanta za mu tsaya, domin ita ce aka fi yi wa mummunar fahimta, kuma shawarar da ta dace da kombi sau da yawa ba ta dace da ita ba.

Gane ta ba shi da wuya. A buɗe kabad ɗin da ke kusa da banɗaki ko a saman bene, idan aka ga wata doguwar silinda wadda ta kai ƙirjin mutum ko ta wuce, bututai na shiga da fita daga jikinta, to gidan ba kombi yake da ita ba. Sai a koma ga boilar kanta. Idan tana da geji mai nuna matsin ruwa, ko na allura ko na lambobi, kuma babu tanki a cikin rufi, to kusan tabbas sistem boila ce. Dalilin sunan shi ne, injin da ke tura ruwa zuwa ɗakuna da ɗan tulun da ke karɓar ƙarin ruwa idan ya yi zafi ya kumbura duk suna cikin akwatin boilar, saɓanin tsohon salo inda ake kafa su a waje.

Abu mafi muhimmanci da ya kamata a riƙe shi ne, ruwa iri biyu ne a cikin wannan tsari, kuma ba sa haɗuwa. Na farko ruwa ne da aka kulle a cikin bututai, wanda ke zagayawa daga boila zuwa radiyetoci, wato faifan ƙarfen da ke jikin bango masu ɗumama ɗaki, ya dawo, shekara da shekaru shi ne dai. An zuba masa sinadarin hana tsatsa, launinsa yakan yi duhu, ba a sha kuma ba a wanka da shi. Na biyu shi ne ruwan famfo mai tsabta da ke shigowa daga babban bututun titi ya cika silinda. A cikin silindar akwai wani naɗaɗɗen bututu, kuma idan ana son ruwan zafi, ruwan boila ne ke bi ta cikinsa ya ba wa ruwan silinda zafinsa ba tare da sun gauraya ba. Wasu bawul masu aiki da lantarki, ko guda biyu ko guda ɗaya mai baki uku, su ne ke raba hanya, su tura ruwan boila ɗakuna ko silinda ko duka biyun. Saboda haka idan ɗakuna na ɗumi amma ruwan wanka ya ƙi zafi, ko akasin haka, sau da yawa boilar lafiyarta ƙalau, ɗaya daga cikin bawul ɗin ne ya maƙale.

Silindar kamar babban filas take: ana dafa ruwa a ajiye, rufin da ke jikinta ya riƙe zafin na tsawon sa'o'i masu yawa. Wannan shi ne amfaninta ga gida mai jama'a, domin mutum biyu za su iya wanka a banɗaki biyu a lokaci guda, uwargida kuma tana wanke-wanke a kicin, ba tare da ruwan ya yi rauni ba, abin da kombi ba ta cika iyawa ba. Aibinta kuwa, abin da aka ajiye yana ƙarewa. Girman silindar gida yakan kama daga lita 120 zuwa lita 300, kuma idan yara suka daɗe a shawa ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshe zai gamu da ruwan sanyi, sai an jira kimanin rabin sa'a zuwa sa'a guda kafin ta sake yin zafi.

Daga nan sai saiti. A jikin bango ko kusa da silinda akwai wata na'urar tsara lokaci mai layi biyu, ɗaya na ɗumama ɗakuna, ɗaya na ruwan zafi, kowanne da jadawalinsa. Abin da ya fi dacewa shi ne a saita ruwan zafi ya kama aiki kamar sa'a ɗaya kafin mutanen gida su tashi, ya sake kamawa da yamma kafin a dawo daga aiki da makaranta. Mai son ruwan ɗumi na alwalar asuba ba ya buƙatar ya bar boila tana aiki dare farai, domin abin da aka dafa da yamma yakan kai gari ya waye idan silindar mai kyau ce. A jikin silindar akwai ma'aunin zafi, kuma ya kamata ya tsaya a digiri 60 na ma'aunin Salshiyas. Kada a rage shi don neman sauƙin kuɗin gas. Ƙwayar cutar Lijiyonela, wadda ke haddasa ciwon huhu mai tsanani idan aka shaƙe ta a cikin feshin shawa, tana yaɗuwa ne a ruwan da ke zaune tsakanin digiri 20 da 45, a digiri 60 kuwa tana mutuwa. Sai dai ruwa mai wannan zafi yana ƙona fata cikin daƙiƙu kaɗan, don haka a gidan da ke da ƙananan yara ko tsofaffi, a fara buɗe na sanyi kafin na zafi, a kuma nemi a sa bawul mai surka ruwa a bakin bahon wanka.

A nan ne nake son a yi hattara sosai. Tun lokacin da farashin gas ya yi tashin gwauron zabo a 2022, an yi ta yaɗa shawarar cewa a rage zafin ruwan da ke fita daga boila zuwa digiri 60 ko ƙasa da haka. Shawarar tana da tushe, domin boilolin zamani suna kama zafin da ke cikin tururin hayaƙinsu su mayar da shi cikin ruwa, kuma sun fi yin hakan idan ruwan da ke dawowa daga ɗakuna bai wuce digiri 55 ba. Amma masu kombi aka yi wa ita. Ruwan da ke digiri 55 ba zai taɓa kai silinda digiri 60 ba, sai boilar ta yi ta aiki ba hutu tana neman abin da ba za ta samu ba, ruwan wanka kuma ya zauna a zafin da ƙwayar cuta ke iya rayuwa. Mai sistem boila ya bar ta tsakanin digiri 65 da 70, sai fa idan injiniya ya tabbatar masa cewa an haɗa tasa ta yadda take ba ɗakuna zafi daban, silinda zafi daban, wanda wasu sababbin haɗi ke yi.

Ma'aunin zafin ɗaki kuma a sa shi tsakanin digiri 18 da 21. Murɗa shi zuwa 30 ba ya sa gida ya yi saurin ɗumi, illa dai ya hana boilar tsayawa. A ɗakunan da ba a kwana a cikinsu, a rage lambar da ke kan bawul ɗin gefen radiyeta maimakon a rufe shi gaba ɗaya, saboda ɗaki mai sanyi ƙwarai shi ne ke tara danshi da baƙin fumfuna a bango. Akwai kuma wani makunni da ke kusa da silinda, sau da yawa mai ɗan jan haske, wanda na hitar lantarki ne da ke cikin silindar. An sa ta ne don ranar da boila ta lalace. Mutane da yawa sukan bar ta a kunne wata da watanni ba su sani ba, alhali wutar lantarki a Birtaniya ta ninka gas tsada kusan sau uku zuwa huɗu a kan zafi iri ɗaya.

Aikin da mazaunin gida zai iya yi da hannunsa kaɗan ne, kuma babbansa shi ne lura da geji. Idan boila ta huce, allura ta tsaya tsakanin bar 1 da 1.5 (bar shi ne ma'aunin matsin ruwa da ke kan gejin), idan ta yi zafi takan ɗan haura zuwa kusan 2. Idan ta faɗi ƙasa da 1, musamman ta kusanci 0.5, yawancin boiloli kan ƙi tashi su nuna lambar matsala. Maganinsa shi ne a kashe boilar a bar ta ta huce, a nemi wani gajeren tiyo mai saƙar azurfa da ke ƙarƙashinta ko kusa da silinda, mai ɗan bawul a kowane gefe. A buɗe na farko, a buɗe na biyu a hankali har a ji ƙarar ruwa na shiga, ido na kan geji, da zarar ya kai kusan 1.2 zuwa 1.5 sai a rufe su duka biyun da kyau. Wasu kamfanoni, irin su Worcester Bosch, suna amfani da ɗan makulli ko ɗan hannun da ake ja a ƙasan boilar maimakon tiyo, don haka a duba littafin da ya zo da ita. Ƙara ruwa sau ɗaya ko biyu a shekara ba abin damuwa ba ne. Idan kuwa duk mako sai an ƙara, to akwai inda yake yoyo, kuma kowane ƙari na tsinka sinadarin hana tsatsa, yana shigo da sabuwar iska da ke cin ƙarfe. Haka nan idan allura na hawa har bar 3 da zarar boila ta yi zafi, ruwa kuma na ɗiga daga wani siririn bututun jan ƙarfe a bayan gida, ɗan tulun nan da ke cikin boilar ne ya rasa iskarsa, wannan aikin injiniya ne.

Radiyetar da ƙasanta ke da zafi samanta da sanyi, iska ce ta taru a ciki. A kashe ɗumama gida, a samo ɗan makullin radiyeta da ake sayarwa da araha a shagunan kayan gini, a riƙe tsumma, a murɗa ɗan ƙusar da ke saman gefenta kaɗan har a ji iska na fita, da ruwa ya fara fitowa a ɗaure. Bayan an gama sai a koma ga geji, domin matsin yakan sauka. Wadda samanta ke da zafi ƙasanta da sanyi kuwa, baƙin laka na tsatsa ne ya kwanta a gindinta, sai an wanke bututan, kuma yana da kyau a sa matatar maganaɗisu a bututun da ke komawa boila.

Tun Afrilun 2005 doka ta wajabta cewa sababbin boilolin gas a Ingila da Wales su zama masu kama zafin tururi, kuma irin waɗannan suna fitar da ɗan ruwa ta wani farin bututun roba zuwa magudana. Idan bututun ya bi ta wajen gida, yakan daskare a daren sanyi mai tsanani, boilar ta yi ƙarar gurgur ta tsaya, kamar yadda ya faru ga ɗimbin gidaje a ƙarshen Fabrairu da farkon Maris na 2018. A zuba masa ruwan ɗumi daga waje, ban da tafasasshe don kada robar ta tsage, sannan a danna maɓallin sake tayar da boilar.

Bayan waɗannan, hannu ya tsaya. Buɗe murfin boila ko taɓa bututun gas ba ya halatta a matsayin aiki sai ga wanda ke cikin rajistar Gas Safe, wadda ta maye gurbin tsohuwar rajistar CORGI a 2009, kuma kowane injiniya na da kati mai hotonsa da jerin ayyukan da aka yarje masa a bayan katin. A nemi ganinsa, ko da ɗan uwa ne ya kawo shi, ko da ya yi alkawarin rangwame. Silindar da ke karɓar ruwa kai tsaye daga titi ita ma tana buƙatar mai takardar ƙwarewa ta musamman da ake kira G3, saboda ruwa mai zafi da ke cikin matsi yana da haɗari idan bawul ɗin tsaro suka gaza. A gefenta akwai wani ɗan mazurari buɗaɗɗe, yawanci baƙi, wanda ya kamata ya kasance a bushe. Idan ana ganin ruwa na ɗiga ta cikinsa a kira mai gyara, idan kuwa ruwan zafi ne ke kwarara da tururi, a kashe boila da hitar lantarki nan take.

Ɗan haya yana da haƙƙi a kan mamallakin gida cewa a duba kayan gas sau ɗaya a kowace shekara, a ba shi kwafin takardar binciken cikin kwana 28, kuma a Ingila tun Oktoban 2022 wajibi ne a sa ƙararrawar iskar kabon monoksaid a ɗakin da boila take. Ita ce iskar da ke hallaka mutanen da suka kwana da garwashi ko janareta a ɗaki rufe, ba ta da wari ba ta da launi, alamunta ciwon kai da jiri da tashin zuciya da ke sauƙi idan an fita waje. Idan ƙararrawar ta kaɗa, ko aka ji warin gas, a buɗe tagogi, kada a taɓa makunnin lantarki, a fita da kowa, a kira 0800 111 999, lambar gaggawa ta gas a Ingila da Scotland da Wales.

Masu tafiya gida hutu a watan Disamba ko Janairu kada su kashe boila daga bango. A bar ta a kunne, a rage ma'aunin ɗaki zuwa kusan digiri 12 don kada bututai su daskare su fashe, a kashe layin ruwan zafi kawai, a kuma roƙi wani amintacce ya riƙa leƙawa. Idan an dawo, a bar silinda ta kai digiri 60 ta ɗan jima a haka, sannan a buɗe kowane famfo da shawa su zuba na 'yan mintoci, taga a buɗe, kafin kowa ya yi wanka.