Ka Samu Kulob? Ga Yadda Za Ka Riƙe Ƙafarka da Aljihunka

Kuɗin sa hannu na farko da na karɓa, a baƙar leda aka miƙo mini su a bayan motar kulob, babu rasit babu shaida. Kafin sati uku na sayi babur, na canja waya, na ɗinka wa abokai huɗu shadda iri ɗaya da tawa. Shekara huɗu bayan haka gwiwata ta hagu ta ce ga garinku. Yanzu yara nake horarwa a ƙwallon ƙafa a filin unguwa, kuma abin da nake faɗa wa duk wanda Allah ya ba kulob shi ne wannan.

Fara da takarda, ƙanena. Kada ka sa hannu a kwantiragin da ba ka karanta ba. In Turancin ya fi ƙarfinka, kai wa lauya, ko malamin makarantar da ka yarda da shi. Duba albashi da ranar biya, sau nawa za a raba kuɗin sa hannu, alawus na cin wasa, da kuma wanda zai biya magani in ka ji rauni. Wannan na ƙarshen shi ya ci ni. Ka karɓi kwafinka ka kai gida. A dokar FIFA kwantiragi ba ya wuce shekara 5, na wanda bai kai 18 ba kuwa shekara 3. In kulob ya riƙe maka albashin wata 2, kana rubuta musu wasiƙa ka ba su kwana 15, in ba su biya ba kana da hujjar raba gari da su. Ni wata bakwai na yi ana ce mini "Oga ya yi tafiya", ina ta gaishe su da ladabi.

Ejan, wato dillalin 'yan wasa, da ya ce ka kawo kuɗin biza da na jirgi zai kai ka gwaji Turai, ka ce masa ka gode. Kulob na gaske takardar gayyata yake aikowa. Tambaye shi lasisinsa na FIFA, ka ga yadda fuskarsa za ta canja.

To, kuɗi sun shigo. Ranar da suka shigo ka raba su, kada ka bari su kwana a dunƙule. Kaso ɗaya na cefane da zirga-zirga, ɗaya na gida, ɗaya ka tura asusun da ba ka da katinsa a aljihu. Na gidan nan shi ne mai wuya. Da zarar an ji sunanka a rediyo, kawun da bai taɓa saya maka takalmin ƙwallo ba zai tuna kai ɗansa ne. Ba na ce ka yanke zumunci ba, Allah ya kiyaye. Amma ka yanka wa iyaye abin da za su riƙa samu duk wata, ka ware wani abu na masu buƙata, in ya ƙare ka ce ya ƙare. Za a ce ka yi girman kai. An faɗa wa waɗanda suka fi ka. Ni da ban taɓa cewa a'a ba, ranar da na dawo gida da sanda mutum biyu ne suka zo duba ni, ɗayan ma bashi ya zo tambaya.

Abin da ka tara kada ka bar shi kwance. A farkon 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Sayi fili mai takardu, wanda ka taka da ƙafarka, ko ka sa a sana'ar da ka fahimta. Dubi Ahmed Musa: ya ci ƙwallo 18 wa Kano Pillars a kakar 2009/2010, ya tafi Holan, ya wuce CSKA Moscow, Leicester ta saye shi a 2016, amma tun yana ganiyarsa ya buɗe cibiyar wasanni da gidan mai a Kano. Bai jira ƙafa ta gaji ba. Zakka kuma ka fitar in dukiya ta kai nisabi ta shekara. Cacar ƙwallo ta waya, ko ba ka duba haramcinta a addini ba, FIFA ta hana ɗan wasa yin ta.

Jikinka shi ne shagonka. Riga koci zuwa atisaye, kwanta da wuri, bar zaman majalisa har ɗayan dare. Kada ka sha ƙwayar da likitan kulob bai sani ba. Tun Janairun 2024 tramadol ta shiga jerin magungunan da aka hana a lokacin gasa. Rauni kuma kada ka ɓoye shi don tsoron benci. Na ɓoye nawa wasa uku.

In aka ɗaura maka kambun kyaftin, ka sani wahala aka ba ka. Kai za ka shiga ofis ka yi maganar albashin yara, da sanyin murya, ba a gaban 'yan jarida ba. Kai za ka lura da sabon yaron da ya zo daga ƙauye bai ci abinci ba yana jin kunyar faɗa. A gasar Kofin Afirka da aka yi a Kodebuwa a farkon 2024, Musa ne kyaftin ɗin Najeriya, amma ko minti ɗaya bai buga ba har aka kai wasan ƙarshe. Ɗan wasan baya Troost-Ekong ne ke ɗaura kambu a fili. Ba a ji Musa ya tada rigima ba. Ni da aka ajiye ni wasa biyu, sai da na daina gaida koci.

Lokacin hutun kaka, nemi kwas ɗin horarwa ko ka zauna a shagon wani ka koyi ciniki. Baburin nan nawa, shi na sayar na biya kuɗin hoton gwiwa, kuma bai isa aikin ba.