Kurakuran da ƙananan likitoci suka fi yi a kan hawan jinin aldosteron

Na gaji da ganin kuskure iri ɗaya a takardun majinyatan da ake turo mini daga asibitocin Kaduna da kewaye, shi ya sa na ga ya kamata in yi wa ƙannena likitoci bayani a rubuce. Cutar ita ce wadda Jerome Conn ya bayyana a Amurka a 1955, inda adirinal, ƴar ƙwayar nan da ke zaune a kan kowace ƙoda, ke fitar da sinadarin aldosteron fiye da kima, sai jiki ya riƙe gishiri, ya zubar da sinadarin fotashiyam na cikin jini, jini ya hau. Manyan dalilanta biyu ne: ko dai ƙari a adirinal guda ɗaya, wanda tiyata ke magancewa, ko kuma dukkan biyun su yi aiki fiye da kima, wanda ya fi yawa kuma magani ake sha dominsa.

Kuskuren farko shi ne jiran fotashiyam ya faɗi kafin a yi zargin cutar, alhali yawancin masu ita fotashiyam ɗinsu daidai yake. Duk wanda magani uku suka kasa saukar da jininsa, ko jini ya hau masa tun yana matashi, a auna masa aldosteron da renin (sinadarin da ƙoda ke fitarwa, wanda yake raguwa a wannan cutar) tare. A gyara fotashiyam tukuna, domin ƙarancinsa yana danne aldosteron. Kafin awon a dakatar da spironolactone, maganin da ke toshe aikin aldosteron, na mako 4 aƙalla, a kuma tuna cewa maganin hawan jini atenolol da ƴan uwansa suna danne renin har awon ya nuna cutar inda babu ita.

Kuskuren da ya fi ci mini rai kuwa ni na yi shi da hannuna. Wani malamin makaranta ne daga Tudun Wada, ya haura shekara 50, hoton CT ya nuna ɗan ƙari a adirinal ɗinsa na hagu, ni kuma ban yi wata-wata ba na tura shi tiyata. Ya sayar da fili ya biya kuɗin aiki. Bayan wata uku ya dawo, jini yana nan inda yake, fotashiyam na ƙasa, aldosteron na sama. Ya dube ni ya ce, "Likita, ashe ba a gama ba?" Ban sami abin ce masa ba. Ƙarin da aka cire ba shi ne mai laifin ba. Ɓangarorin biyu ne suke aikin. Hoto yana nuna siffa ne kawai, ba ya faɗin wanda ke fitar da sinadari, kuma idan shekaru suka ja, ƙananan ƙari marasa aiki suna yawaita. Abin da ke raba gardama shi ne ɗebo jini daga jijiyar kowane adirinal a gwada, aikin da ke buƙatar gwanin hannu, musamman a dama inda jijiyar take gajera. Ku daina yanka mutane saboda hoto! Wanda bai kai shekara 35 ba, fotashiyam ɗinsa ya faɗi, aldosteron ya yi sama ƙwarai, ƙarin kuma a fili yake a gefe guda, shi kaɗai nake yarda a yi masa aiki ba tare da gwajin ba. Sauran, tunda gwajin ba kasafai ake samunsa a nan ba, magani nake ba su, kuma maganin yana aiki a kan nau'o'in biyu.

A wajen maganin ma ana kuskure. Ni da miligiram 12.5 zuwa 25 na spironolactone nake farawa, in duba fotashiyam da aikin ƙoda bayan mako ɗaya ko biyu, in sake dubawa idan zafin Maris da Afrilu ya shigo ko azumi ya zo. Magidanci ba zai faɗa maka cewa maganin ya sa nononsa ya kumbura ko ƙarfinsa na iyali ya ragu ba, ajiye maganin kawai zai yi, don haka ka tambaye shi a keɓe, ka mayar da shi kan wani maganin da bai cika jawo haka ba, eplerenone ko amiloride, idan da hali. Ka ce a rage gishiri da dunƙulen miya.

Bayan tiyata a tsayar da spironolactone da ƙwayoyin fotashiyam nan take, domin ɗaya adirinal ɗin ya daɗe a danne, fotashiyam na iya hawa. Kada kuma a yi wa kowa alkawarin rabuwa da maganin hawan jini gaba ɗaya, musamman wanda ya shekara da shekaru da cutar.